Ƙusar Tagulla

Wasiƙar ta zo ran Talata
da tambarin kamfanin mai na Stavanger.
A tsaye na karanta, garin katako a girata,
na ƙirga sifilin albashin har sau biyu
kamar ɗaya zai zame ya faɗa ruwa.

Sati biyu a kan dandamalin ƙarfe tsakiyar teku,
sati huɗu a gida.
Ninki uku na abin da Halvard ke ba ni,
shi da ke biyana ran Juma'a
in mai jirgi ya biya shi.
In bai biya ba, mu dafa baƙar gahawa,
mu zauna muna kallon dutsen tsallake
har kofi ya huce, ba mai tankawa.

Shekara tara ke nan ina rumfarsa a bakin Hardanger.
Na san itacen da ya girma a inuwa
da wanda iska ta hora a kan tsauni.
Na san muryar ƙusar tagulla in ta zauna daidai:
ba ta ƙara, gyaran murya kawai take yi.
Warin kwalta ya kama tafina, sabulu ya sallama.
'Yata Ingunn ta ce ko idonta a rufe
da shi take gane na dawo.

Amma rufinmu na yoyo ta kusurwar gabas,
kuma ruwan garin nan ba ya sallama kafin ya shigo.
Tukunya biyu muke tarawa.
Tordis ba ta ce in tafi ba.
Takardar banki dai ta ajiye kusa da farantina,
ta juya tana yanka burodi
sirara-sirara,
ba yadda ta saba yankawa ba.

Ƙanena Sindre ya tafi tun shekara shida.
Yana da mota mai lantarki
da gida mai tagogi har ƙasa.
Ran Kirsimeti ya leƙo rumfa,
ya ɗauki gizago, ya shafa ƙotarsa,
ya kai hanci, ya ajiye.
"Har yanzu kuna nan?" in ji shi.
Na kwana ina juya maganar,
ban gane ba ko gori ce ko kewa.

Da safe na miƙa wa Halvard takardar.
Ya nisanta ta da idonsa, ya karanta a hankali,
na zaci zai yi faɗa.
Ya ce, "Ni ma na je.
Shekara goma sha ɗaya ina juya famfo a can.
Kana tsammanin da me na sayi rumfar nan?
Da waƙa?"
Ya tofar da ƙusar da ke bakinsa.
"Sai dai da na dawo,
hannuna ya yi damina biyu bai gane ni ba.
Na ɓata katakon da ya fi ni shekaru
kafin ya yarda mu shirya."

Na ce, to, me zan yi?
Ya ce, "Taura biyu ba sa taunuwa.
Shiga ciki ka riƙe min ƙarfe."

Ƙusar jirgi aikin mutum biyu ce:
ɗaya a waje yana bugu,
ɗaya a ciki yana tokarewa.
Na durƙusa cikin haƙarƙarin kwalekwalen,
kowane bugu na bi ta kafaɗata
ya sauka a aljihun da wasiƙar take.
Ban tambaye shi wa zai riƙe masa ƙarfen ba.
Shi ma bai tambaye ni wa zai gyara rufin ba.

Ran Litinin suke son amsa.
Yau Laraba.
Saura ƙusa arba'in da uku a wannan gefen,
kuma ga hadari can ya taso daga yamma,
ban tuna ko na zubar da tukwanen jiya ba.